Kunyar Ɗiyar Fari

Shekara goma sha shida Uwaliya ba ta taɓa kama sunan ɗiyarta ta fari ba, kuma a Kagara wannan yana cikin abubuwan da ake yabonta da su. In tana son a kira yarinyar, sai ta ce a kira mata waccan. In yarinyar na kusa, sai ta yi gyaran murya ta kalli bango. Sunan yarinyar Sauda. Kowa a unguwar yana faɗinsa safe da yamma, ban da matar da ta haife ta.

Ba ƙiyayya ba ce. Uwaliya 'yar Wurno ce, daga gidan malamai inda kunyar ɗan fari ta kusa shiga sahun farillai. Uwarta ba ta taɓa cin abinci a gaban babban ɗanta ba har ta koma ga Allah. Da aka kawo Uwaliya Kagara, gidan Halliru manomin albasa, kunyar na cikin kayan da ta zo da su tare da tasoshi da gadon ƙarfe, kuma a cikin kayan ita kaɗai ce ba ta yi tsatsa ba.

Al'adar tana da nata tsari, waɗanda suka kafa ta kuma ba wawaye ba ne. Uwa ta kau da kai, kaka ta sa ido. Tun ranar da aka yaye Sauda, Kaka, wato uwar Halliru, ta ɗauke ta zuwa ɗakinta. Ita ta yi mata kitso, ita ta dake ta, ita ta gaya mata abin da ake gaya wa mace ranar da ta fara ganin jini. Sauda ta tashi tana ce wa Kaka Inna, tana ce wa Uwaliya Adda, kamar wata babbar ya da aure bai ɗauke daga gidan ba. Sai dai magabata ba su ce komai ba game da abin da za a yi in kakar ta mutu. Kaka ta mutu bara waccan a ƙarshen damina. Aka yi sadakar uku, aka yi ta arba'in, aka raba zannuwanta da carbinta. Aikinta ne kawai ba wanda ya tuna ya miƙa wa wani. Sauda ta ci gaba da kwana a ɗakin ita kaɗai, Uwaliya ta ci gaba da kallon bango.

Tun da aka tare gulbi da dam a Goronyo, rani ya daina zama lokacin hutu. A da, in an ɗaure gero, maza su tafi cirani, mata su zauna kaɗi da gulma. Yanzu ruwa na bin hanyoyinsa har tsakiyar sanyi, ga albasa, ga tafarnuwa, ga shinkafa, kuma duk wannan arziki yana bukatar ƙananan yatsu da bayan da ba ya ƙorafin sunkuyo. Shi ya sa 'yan mata ke fita ƙwadagon dashe tun da sassafe. Suna shiga fangali, ruwa har idon sawu, a lokacin da ko akuya ba ta yarda ta taka raɓa. Sauda na cikinsu, kuma masu gona na sonta, don hannunta na da sauri, bakinta ba shi da shi.

Inda duk sanyi ya yi yawa, Allah na turo mai magani. Na Kagara sunansa Lauwali, yana zuwa a babur da ƙaramar lasifika. Maganinsa na cikin 'yar leda mai tsawon yatsa, da hoton citta da kanumfari a jiki, da wani rubutun boko ƙanana ƙanana da sai mai ido da haƙuri zai karanta. Mutane suka sa masa suna kore-sanyi. Lasifikar ta ce yana maganin sanyin ƙashi, da basir, da ciwon baya, da kasala. A kan sanyi dai ba ta yi ƙarya ba. Yarinya ta ciji bakin leda ta tsotse, kafin ta dasa layi ɗaya ƙirjinta ya ɗau zafi, ruwan ya daina cizo, ta fara dariya ba dalili. Masu gona suka lura aiki ya fi sauri, sai suka fara sayen kwali guda suna rabawa ma'aikata kamar yadda ake raba goro.

Uwaliya ta fara ganin ledojin ne wurin wanki, ƙulle a bakin zanen yarinyar, wani lokaci biyu, wani lokaci huɗu. Ta sansana ɗaya. Tana ƙarama, akwai wani direba da ke kawo wa mahaifinta baƙi daga Sakkwato, wanda in ya durƙusa gaisuwa Malam kan kau da hanci yana istigfari. Warin ke nan, an dai zuba masa citta.

Ta sami Halliru yana gyara tiyon injin ban ruwa a zaure, ta ce masa abin nan da yara ke sha a gona bai kwanta mata ba. Ba ta ce wace yarinya ba. Halliru ya ce magani ne, shi kansa yana shan biyu kafin ya shiga ruwa, kuma har a gonar Liman ana rabawa. Ya tambaye ta ko ta fi Liman sanin halal da haram. Ta ce a'a. Maganar ta tsaya nan.

A gonakin da Sauda ke dashe akwai wani Jelani, mai kula da injin wani Alhaji, saurayi mai fara'a wanda kullum aljihunsa ba ya rasa leda. Uwaliya ba ta taɓa ganinsa ba. Sunansa kawai ta ji yana tsallako katanga daga bakin 'yan mata, sau da yawa fiye da yadda aikin inji ke bukata. Da aka cire albasa, ya hau motar da ta ɗauki buhuna zuwa kudu a matsayin mai rakiya. Motar ta dawo, shi bai dawo ba.

Azumi ya zo a cikin zafi. Sauda ta yi shi talatin cif, ba ta sha ko ɗaya ba. Fatsuma maƙwabciya, wadda katanga ɗaya ta raba su, ta riƙa kafa misali da ita a gaban nata 'ya'yan, tana cewa ga ɗiyar mutane ta kai wata ba fashi, su kuwa kullum da uzuri. Uwaliya ta sunkuyar da kai, kamar yadda ya kamata uwa ta yi in ana yabon ɗiyar fari. A duk unguwar ita kaɗai ta tsaya ta yi tunanin cewa budurwa mai shekara goma sha shida da ta yi azumi talatin ba hutu, ba labari mai daɗi ba ne. Ta koma baya a ranta, ta ga tun watan da aka gama dashe ba ta ga tsumma a kan igiyar bayan ɗakin Kaka ba.

Abin da ya dace a nan sananne ne. Akwai Goggo Mairo a Rara, yayar Halliru, wadda bayan Kaka ita ce ke da bakin yi wa Sauda magana. Halliru na da waya, amma ba a faɗin irin wannan a wayar miji. Uwaliya ta jira ranar kasuwa, ta sami wata mai daddawa da ke bi ta Rara, ta ba ta saƙo. Ta daɗe tana auna kalmomin. Ba za ta ce ciki ba, don mai daddawa na da baki. Ba za ta nuna damuwa ba, don ɗiyar fari ce. Abin da ya rage bayan an cire waɗannan shi ne a gaida Goggo, a ce mata mutanen gida na kewarta, kuma yarinyar nan ta ɗakin Kaka ba ta cika jin daɗi ba. Mai daddawa ta ba wata saƙon a tasha, waccan ta ba jikar Goggo. Bayan mako biyu amsa ta iso da ƙullin kuka. Goggo na amsawa, ita ma tana kewarsu, za ta leƙo in an yi shuka, a ba yarinya jiƙon sabara.

Aka yi shuka, aka yi noman fari, Goggo ba ta leƙo ba. Sauda ta koma saka babban hijabi har a tsakar gida, abin da ya ƙara mata daraja a idon Fatsuma. Dashen shinkafar damina ya kama, ta koma ruwa. Yanzu babu sanyin da za a kora, amma ledojin bakin zane suka ƙaru. Wata a cikin 'yan matan ta gaya mata cewa in aka sha da yawa yana sauko da jinin da ya tsaya. Bai sauko da komai ba. Ƙafafunta ne suka fara cika, har silifa ya riƙa barin zane a kansu, sannan fuskarta, sannan yatsun da masu gona ke so.

Uwaliya ta san wannan kumburin. Wata 'yar kawunta a Wurno ta yi irinsa a cikin fari, ta yi kwana uku tana cewa kanta zai tsage, rana ta huɗu jijjiga ta kama ta, ta taune harshenta, aka binne ta da abin da ke cikinta. Ita waccan da aurenta, da mijinta, da uwar miji mai sa ido.

Wata Laraba da la'asar gidan ya zama ba kowa sai su biyu. Halliru na gona, ƙannen Sauda na makarantar allo. Uwaliya na tsince wake a faifai. Sauda ta fito ta zauna a kan turmin da aka kwantar, ta miƙe ƙafafun nan a gabanta, ba ta rufe su ba. Tsakaninsu bai fi taku huɗu ba. Akwai wata akuya ɗaure a gindin darbejiya, kuma al'ada, da yake tana da tausayi, ta yarda uwa ta yi wa akuya magana a gaban ɗiyar fari. Uwaliya ta dubi akuyar ta ce duniya ta lalace, mutum ya riƙa ɗura wa cikinsa abin da bai san asalinsa ba. Ta ce akwai kumburin da ba na gishiri ba ne. Ta ce wanda ke da damuwa, in yana da hankali, yakan nemi babba ya faɗa masa.

Sauda ta ɗago. Idanunta sun ƙanƙance a cikin fuskar da ta cika.

"Adda, da ni kike?"

Uwaliya ta ji wake na zubewa ta tsakanin yatsunta. Ta ji muryar uwarta, da ta kakarta, da ta duk matan gidan Malam da suka mutu ba su kunyata kowa ba.

"Da akuyag ga nike," in ji ta.

Sauda ta ɗan ƙara zama, kamar mai jiran mota a hanyar da aka ce mata mota na bi. Daga baya ta dafa turmin ta tashi, ta koma ɗakin Kaka.

A makon ne asirin kore-sanyi ya tonu. Malam Maccido na firamare, wanda ke da tabarau da kuma lokaci, ya tsinci leda ya karanta ƙananan rubutun, ya kai wa Liman. Ranar Juma'a Liman ya yi huɗuba mai zafi a kan barasa da masu shigo da ita garin Musulmi, bai tsaya kan batun gonar da aka fi rabawa ba. Kafin la'asar babu magidanci ɗaya a Kagara da ya taɓa sanin ɗanɗanon abin. Halliru ya ce shi dama tun farko bai yarda da shi ba. Lauwali ya daina shigowa gari, ya koma tsayawa bayan kwalbati, inda 'yan dashe ke bi.

Ranar Litinin da safe Sauda ta tsaya a bakin madafi ta gaya wa ƙanwarta, da ƙarfin da zai isa kunnen wanda ke ciki, cewa kanta na sarawa kuma tana ganin wasu ƙananan taurari. Uwaliya na ciki tana dama kunu. Ta gaya wa ƙanwar cewa wanda ba shi da lafiya ba dole ne ya je gona ba. Ƙanwar, 'yar shekara bakwai, ta isar da rabin saƙon. Sauda ta tafi.

Rana na tsaka aka kawo ta a amalanken shanu, jiƙe da laka, matan dashe uku na biye. Suka ce tana cikin sunkuyo sai ta faɗi, jikinta ya sandare, ta yi ta karkarwa, kumfa na fita. Da ƙyar suka ɗaga kanta daga ruwa. Yanzu ta yi shiru, tana wani irin minshari. Halliru ya sunkuya don ya ɗauke ta, warin ya bugi hancinsa. Wari ne da ya sani sarai, duk da bai taɓa sanin ɗanɗanonsa ba.

Ya sallami matan da godiya, ya ce rana ce ta buge ta. Ya kai ta ɗakin Kaka ya shimfiɗe, ya ja ƙofa. A tsakar gida ya gaya wa Uwaliya, da murya ƙasa, cewa yarinyar buguwa ta yi, kwana uku kacal bayan huɗuba, kuma in maganar ta fita ya gama shiga sahun gaba a masallaci. A bar ta ta yi barci, abin zai sake ta. Fatsuma, wadda ta riga ta shigo ba sallama, ta ce ita a ganinta mutanen ruwa ne, don wannan fadamar tun kafin dam ba a shigarta da rana tsaka. Ta koma gida ta kawo garwashi da wani turare.

Uwaliya ta ce a kai ta asibiti.

Halliru ya tambaye ta a je a ce wa likita mi. A ce ga ɗiyar Halliru ta sha ta bugu? Ya ce asibiti ba ya maganin abin kunya, sai dai ya rubuta shi a takarda.

Kalmomi uku ne, kuma suna bakinta. Ta san in ta faɗe su, za a nemi mota. Ta kuma san cewa mace ba ta buɗe baki a gaban mijinta ta yi maganar cikin ɗiyar fari ko da na aure ne, balle wannan. Ta tsaya tana duban tukunyar da ta ɗora. Aka kira azahar. Halliru ya yi alwala ya fita, don rashin ganinsa a masallaci yau zai fi komai jawo tambaya. Ta yi tata sallar. Ta tankaɗe garin dawa. Daga ɗakin Kaka ta ji gadon kara na kaɗawa, ta ji Fatsuma na salati tana kiran sunan yarinyar, tana cewa ku sake ta, ku sake ta, bayin Allah. Wannan jijjiga ta biyu ke nan. Uwaliya ta je har bakin ƙofa. Ta hango ƙafa ɗaya, kumburarriya, tana bugun tabarma. Ta tsaya nan har ƙafar ta daina, sannan ta koma ta rufe garin kada kaji su shiga.

Ta uku ta zo bayan la'asar, ta fi sauran tsawo, jini ya biyo kumfar. Halliru na tsaye a tsakar gida da carbi, ya fara shakkar cewa leda huɗu na iya wannan aiki. Uwaliya ta zo ta tsaya a gefensa, ta fuskanci rumbu.

"Ciki gare ta."

Carbin ya tsaya.

"Wa?"

Ba ta amsa ba, shi ma bai sake tambaya ba.

"Tun yaushe kinka sani?"

"Tun azumi."

"Tun azumi. Wata huɗu kina kallo, ba ki ce komi ba?"

"Ɗiyar hwari ta," in ji Uwaliya.

Halliru ya daɗe yana dubanta. Sannan ya gyaɗa kai a hankali, don shi ma ɗan mutunci ne, ya san abin da ake nufi. Ya zura takalmi ya fita neman mota.

Motar da aka samu ta Sale ce, mai ɗaukar buhunan albasa, kuma sai da aka nemo Sale a wurin ɗaurin aure. Aka shimfiɗa katifa a baya. Da aka fito da Sauda, hijabin ya zame, duk wanda ke ƙofar gidan ya ga abin da ya gani ya kuma dubi wani wuri. Uwaliya ta ɗauko mayafinta, ta kai har zaure. Fatsuma ta dafa ta, ta ce haba, ita da ɗiyar fari, ta zauna, mi mutane za su ce, ita za ta je a madadinta. Ta faɗe shi da zuciya ɗaya, irin taimakon da maƙwabciya ta gari ke yi. Uwaliya ta tsaya da mayafin a hannu har ƙarar motar ta ɓace. Ta koma ta tuƙa tuwo, don akwai yara huɗu da ba su ci ba, kuma tuwon ya yi kyau, bai yi gudaji ba.

Sauran labarin a bakin Fatsuma ta ji shi, washegari da hantsi, bayan motar Sale ta dawo a hankali ba ta yin ham. An saki ruwa daga dam a makon, ya shanye hanyar kusa, sai da suka zagaya. A wani wuri maza suka sauka suka tura. Ta huɗu ta kama ta a hanya. Da suka isa asibiti, ma'aikaciyar jinya ta auna ta, ta dubi abin awon, ta sake aunawa. Ta ce jininta ya hau inda ba a hawa. Ta ce wannan ciwon an san shi, yana son ƙananan mata masu cikin fari, kuma akwai allurarsa, da an kawo ta tun faɗuwar farko da wataƙila ana wata maganar. Ta ji warin ita ma, ta ce wannan bai taimaka ba, amma ba shi ya kayar da ita ba. Ta tambaya ko ba wanda ya ga ƙafafun nan. Sannan ta tambayi ina uwar yarinyar. Fatsuma ta ce mata ɗiyar fari ce. Ma'aikaciyar 'yar Rabah ce, ta gane, ta ci gaba da rubutu.

An yi allurar duk da haka. Sauda ba ta farfaɗo ba. Abin cikin, namiji ne, ya riga ta tafiya.

Aka yi mata sutura kafin azahar. Abin da aka faɗa a zaure shi ne ciwon kai na farat ɗaya, kowa kuma ya karɓa da hannu biyu, don garin da ya san gaskiya ba ya bukatar a faɗa masa ita. Maza suka yi wa Halliru ta'aziyya, Liman ya yi addu'a mai tsawo. Halliru na sahun gaba.

A cikin gida aka shimfiɗa tabarmi. Mata suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, suna durƙusawa, suna cewa ya haƙuri. Uwaliya na zaune a bakin ƙofar ɗakinta, ba a tsakiya ba, don ba uwa ke karɓar gaisuwar ɗiyar fari ba. Goggo Mairo ce ke karɓa. Ta iso daga Rara da la'asar a bayan babur, tana kuka tun daga bakin gari, kuka mai kyau, mai sauti, wanda ya dace da goggo. Da ta huta ta sha ruwa, ta jawo Uwaliya gefe ta ce ita saƙon da ya iso mata gaisuwa ce, da an ce mata abin ya kai haka da ta bar shukar ta zo. Uwaliya ta ce haka ne, Goggo. Ta ce kwana ne ya ƙare. Goggo ta ce ƙwarai kuwa, kwana ne, ta koma kan tabarmarta.

'Yan dashe suka zo a ayari bayan an tashi daga gona, ƙafafunsu da busasshiyar laka. Suka tsugunna daga nesa, suka yi gaisuwa a tare, suka fita da sauri. Wasu cikinsu sun yi kuka na gaske.

A rana ta uku, da aka dafa shinkafa da wake na sadaka, wata tsohuwa daga dangin Uwaliya na Wurno ta zauna kusa da wata amarya da aka kawo unguwar bana, mai ƙaramin ciki. Tsohuwar ba ta iya raɗa ba, don kunnenta ya yi nauyi. Ta nuna Uwaliya da haɓa, ta ce wa amaryar ta buɗe ido ta koya. Kwana uku ana zaman makoki, ba wanda ya ga hawaye ɗaya a idon matar nan, ba wanda ya ji ta ambaci yarinyar ko da kuskure. Ta ce matan yanzu sai ka ga uwa na birgima a ƙasa don ɗan fari, kamar ba a haife ta a gida ba.

"Wagga ita ta ɗiyar Malam," in ji tsohuwar. "Irinsu sun ƙare."

Matan da ke kusa suka amsa da gaskiya ne, Allah ya ƙara haƙuri. Amaryar ta dubi Uwaliya da girmamawa, da ɗan tsoron kada ita ta kasa in nata ya zo.

Uwaliya ta ji duka. Ta sunkuyar da kai, don yabo ma ana jin kunyarsa. Tun shekaranjiya take jiran lokacin da za ta danne kukan, ta shirya masa, ta san yadda ake yi, a cije leɓe a dubi ƙasa. Ta leƙa cikin ƙirjinta ta nemi abin da za ta danne. Ta tarar da wurin a share, kamar ɗakin da aka kwashe kaya. Ta ɗan jira ko zai zo, bai zo ba.

Wata daga madafi ta leƙo ta ce shinkafar kamar gishiri bai ji ba. Uwaliya ta tashi ta je ta ɗanɗana. Bai ji ba kuwa. Ta ƙara.